Ona da Cinyar Gidan Kawu

Zuwa ga maigidana, Baban Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, wanda ya ba ni kai, ya kuma karɓe ka bai yi shawara da ni ba. Ba zan tambaye ka lafiya ba, don fasto ya ce inda kake babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Ni ina nan da duka biyun. Gida yana nan yadda ka bar shi, sai dai kwanon ɗakin baya yana yoyo, na ajiye daro a ƙasa. Citta ta ruɓe mini a gona, bana kaɗan na shuka. Kukan jirgin ƙasan nan naku da ke tashin mu da safe, yanzu sai a daɗe ba a ji shi ba.

Da hannuna nake rubutu, da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da ka ce ɓata lokacin surfe ne. Sakatariyar zumuntar mata ta ce za ta gyara inda na karkace, ta sa a waya mutane su gani. Na ce ta sa. Wanda ya ga kansa a ciki, ba ni na jawo shi ba, da ƙafarsa ya shiga.

Maganar Ayuba ce ta zaunar da ni. 'Ya'yanka sun kore shi daga gidan nan, ba su ma san sun kore shi ba, da wani abu da suke ce wa ona. Bari in ɗauko maka daga farko, don na san halinka, in an fara maka labari daga tsakiya sai ka ce mata ba su iya magana ba.

Kai ka san Ayuba, amma masu karantawa a waya ba su san shi ba, to su ji. Ɗan kawunka ne, abokin wasanka. A duk gidan da aka auro mahaifiyarka shi kaɗai ne tsohon da ya rage, don haka shi ne kawun yanzu. Shi ya fara sara ƙasa da fartanya ranar da aka haƙa maka kabari a bayan gida, kamar yadda ake yi a wurinmu. Gidan uwa ne ke nuna inda ɗansu zai kwanta.

Tun da ka tafi, duk ranar kasuwa in ya taso daga Kafanchan sai ya ratso nan da tsohon kekensa. Tun daga gindin mangwaro zai fara kaɗa ƙararrawa. "Amarya, kin mutu ne ko kina ciki?" Ni kuma in ce, "Ina ciki, tsohon banza, jira nake ka riga ni in ci shinkafar makokinka." Ya zauna a kujerarka ta katako, ya sha kunu ya ce ruwa ya yi yawa, ya miƙo kofi a ƙara masa. Da yarenmu muke hira, irin na dā, wanda jikokinka ke ji kamar rediyon da bai kama tasha ba. Shi kaɗai ne a duniya yake kiranka ɓarawon kaji, saboda kajin gidansu da ka riƙa kamawa kana yaro, kana cewa ai na kawunka ne, ba mai hana ka. Sauran mutane marigayi suke ce maka. Ni ban auri marigayi ba. Ɓarawon kaji na aura.

Ba wata hira mai amfani muke yi ba. Wa ya mutu, wa ya sayar da gona, ɗan wa ya dawo daga birni hannu biyu. Amma in ya tafi sai in ji na ga mutum, in iya kaiwa wata kasuwar.

Ana nan sai ga ɗanka Istifanus daga Abuja, ya biya Mararaban Rido ya ɗauko yayarsa Ladi. Suka zauna a gabana kamar masu neman aure. Istifanus ya ce, "Mama, Baba ya cika shekara goma da rasuwa. Muna so mu yi masa ona."

Na ce, "Mece ce ona? Ci ake yi ko sha?"

Ya ce Turanci ne, girmamawa ke nan. Ladi ta ce ba girmamawa kawai ba, karramawa, a nuna wa duniya cewa ubansu wani ne. Na ce duniya ta aiko tana tambaya ne? Suka yi dariya, suka ce Mama ba ta canzawa.

Ba ranar na fara jin kalmar ba. Na ji ta a kotu lokacin da na raka Saratu maƙwabciyarmu shari'ar iyakar gona, lauya yana ta rusuna wa alƙali yana yo ona, yo ona. Na ji ta a bikin 'yar Ladi, ƙawar amarya wai ita ce med of ona, aikinta duka share wa amarya gumi da ɗaga mata jelar riga. Ga kuma su Onarabul, da ake fara kiransu haka tun ranar da suka manna hotonsu a bango. Abin da na lura, duk inda kalmar nan ta fito akwai wani a zaune a sama, akwai wani a tsaye yana zufa. Na ce to, in kai ne za ka zauna a saman, su yi. Ka sha tsayuwa a bakin layin dogo da jar tuta da koriya har ƙafa ta kumbura. Ko yanzu ne a ba ka kujera.

Suka sa aka lulluɓe kabarinka da farin tayil mai santsi, har kaji na zamewa a kai. Aka buga anko da fuskarka. Hoton katin aikinka suka ɗauka, wanda ka zare ido kamar an kama ka da kazar a hammata. Ranar taro na ga fuskar nan taka a ɗuwawun matan zumunta kaf. In sun zauna su zauna a kanka, in sun tashi rawa ka yi ta girgiza. Kai da ko mai hoto ba ka son gani. A ƙofar gida suka rataya ƙyalle, an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, HONOUR, sunanka yana ƙasa. Ita ta fi sunan girma.

Aka sayi saniya. Da na ji haka na kira Istifanus na ce, "Cinyar dama ta gidan kawu ce. A cire ta tukuna kafin wuƙa ta taɓa wani wuri." Waya tana kunnensa. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mama, kada ki damu da komai, mun ɗauko masu girki daga Kaduna. Ke hutawa za ki yi." Na ɗauka ya ji. A gidan nan aka haife shi, da idonsa ya sha ganin ana yi.

Ka tuna yadda kake yi. Duk Kirsimeti Malam Ja'e, Bafulatanin hayin rafi, shi ke zuwa ya yanka mana akuya, don shi da iyalinsa ma su iya ci. In an feɗe sai ka shimfiɗa ganyen ayaba. Kafin yara su sami hantarsu, kafin ni in sami na miya, ka zare cinyar dama ɗungurungum, ka naɗe ta, ka ɗaure a bayan keke. Ba ka aiken kowa.

Akwai shekarar da ba mu da komai, akuyar kamar kyanwa. Na ce a bar cinyar nan bana yara su ci, kawu zai gane. Ka ce, "Uwata ba daga sama ta faɗo ba. A wani gida aka goya ta, aka ba mu." Ka hau keke, na raka ka da harara har ka sha kwana. Da yamma ka dawo da kwanon acca da kaza a rataye, kana waƙar da ba ta coci ba, don kawu ya ba ka abin da ya fi kunu ƙarfi.

Ba naman ne abin ba, kowa a nan ya san haka. Cinyar ita ke cewa gidan nan bai manta inda aka samo uwarsa ba. In an yanka dabba da sunan mutum, yana raye ko ya mutu, ba a kai ba, to an ce wa gidan uwa ba a san su ba ke nan.

Ashe saniyar ma ba a gidan nan aka yanka ta ba. A kwata aka yanka cikin gari, aka daddatsa ta gutsi-gutsi daidai wa daida, aka soya, ta iso a cikin kuloli. Ni ban sani ba, don tun da safe wasu 'yan mata suka tsare ni a ɗaki suna shafa mini hoda, suna naɗa mini gwaggwaro mai tauri kamar kwanon rufi. Na ce zan leƙa madafa, suka ce Mama yau ke ce uwar taro, ba a ganinki a wajen hayaƙi.

Aka kai ni babban tebur, aka ɗora ni a wata kujera mai ruwan zinariya, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A damana wani Onarabul ne, shi ne wai ges of ona, babban baƙo. A hagu matarsa, tana ta danna waya. Mutumin nan bai taɓa ganinka ba. Da ya karɓi lasifika ya ce kai direban jirgi ne mai tsoron Allah. Ban gyara masa ba. Ka sami ƙarin girma a wurin aiki bayan ka mutu, ina ruwana. Mai gabatarwa kuwa kalmar ce a bakinsa kamar goro. An gode wa waɗanda suka yi ona ɗin gayyata, ona ce gare mu mu ga wane, a tashi tsaye a yi wa wance ona. Har mai janareta sai da ya sami tasa.

Gida cike da mutane, ban taɓa zama ni kaɗai irin na ranar ba. Ba wanda zan taɓa da gwiwar hannu in ce masa, ka ji ƙarya.

Daga can sama na hango Ayuba. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, wanda ina jin da shi ya raka ka ɗaukar aure. 'Yan matan da ke zaunar da baƙi ba 'yan nan ba ne. Ba su ga anko a jikinsa ba, sai suka kai shi rumfar ƙarshe, wurin yara da 'yan acaɓa. Mutumin da ya kamata a ce shi ya fara buɗe baki a kan kabarin. Na yunƙura zan sauka, matar Onarabul ta riƙe mini hannu ta ce ana ɗaukar bidiyo. Aka bi layi ana raba abinci a robobi, shinkafa da ɗan nama a kai. Aka miƙa wa Ayuba tasa kamar kowa.

Bai tashi ba. Wurin zama bai dame shi ba, na san shi. Ya zauna har aka gama jawabi, aka gama rawa, motoci suka watse, aka fara naɗe rumfuna. Ni kuma an ja ni ɗaki ana ta hotuna da mutanen da ban sani ba. Ta taga na gan shi tsaye kusa da kekensa. Ya zo da wankakken buhu a ninke, da robar ɗaure kaya. Ya san cinyar saniya ba irin ta akuya ba ce, ya yi shiri tun daga gida.

Istifanus ya gan shi yana jira. Yaron nan ba mugu ba ne, ka sani. Ya ɗauka tsoho bai ƙoshi ba. Ya ruga ya kwaso masa wasu robobin abinci, da bokiti mai hotonka, da kalanda, ya rusuna ya ce, "Baba, ga ƙari, a kai wa mutanen gida. Mun gode da kuka yi mana ona."

Ladi ce ta faɗa mini amsar da ya ba shi, tana dariya don ba ta gane ba. Wai ya dubi kayan, ya dubi Istifanus, ya ce, "Ashe kakarku a shago aka sayo ta." Ya jera robobin da bokitin a kan tayil ɗin kabarinka, ya cusa buhunsa a aljihun kwat, ya tura kekensa. Ko ƙararrawa bai kaɗa ba.

Na tuge gwaggwaron na nufi wurin masu girki, na ce ina cinyar dama. Shugabarsu ta buɗe kula ta nuna mini, ta ce, "Mama, ai duk nama ɗaya ne."

Na sami Istifanus na faɗa masa abin da ya yi. Ya ce, "Haba Mama, saboda nama? A zamanin nan?" Ya ce gobe zai sayi cinya guda a kasuwa, ya ba ɗan acaɓa ya kai. Na ce ta kasuwa nama ce. Dabbar da aka yanka da sunan gidan nan ake kaiwa, kuma ɗan gida ke ɗauka da hannunsa. Ya duba agogo, ya ce to sai Kirsimeti in ya zo. Suka tattara suka koma, suna murna taro ya yi kyau, mutane sun yaba a waya. Suka bar ni da ɗaki cike da bokitai masu fuskarka, da wani katako mai gilashi da Onarabul ya miƙa mini, an rubuta kalmar nan a jiki. Na rasa inda zan sa shi, yana kan buhun masara.

Ranar kasuwa ta zo, na dama kunun mutum biyu. Na zauna ina jin kekuna suna wucewa a hanya, ba wanda ya ratso. Kunun ya yi tsami, na ba Ciyaman. Ba ka san Ciyaman ba, bayanka aka haife shi. Taurena ne. Na sa masa sunan don shi ke fara cin komai a gidan nan, kuma ba ya aikin komai. A bakin ƙofata yake kwanciya, in na tafi gona ya bi ni kamar kare. Shi na koma yi wa magana da yare. Ba ya amsawa, amma kai ma ba kullum kake amsawa ba.

Kasuwa ta bi kasuwa. Aka gama noma, aka yanke acca, aka kai dawa rumbu. Matan zumunta suna zuwa jefi-jefi su yi mini addu'a, su ce Mama ki yi haƙuri, su tafi. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Ladi ta ce in komo wurinta in huta. Na ce hutun ne ya ishe ni.

Sai muka haɗu da Ayuba a jana'izar wata tsohuwa a Zonkwa. Na nufe shi, na riga na shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa. Ya cire hula, ya ce da Hausa, "Sannu, Maman Ladi. Ya gida? Ya yara? Allah ya ƙara lafiya." Ya mayar da hularsa ya wuce. Baban Ladi, an zage ni a duniya, mahaifiyarka ma ba ta raga mini ba, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar ladabin nan. Ya gaishe ni kamar matar fasto.

Na dawo gida na zauna a kan tayil ɗinka. Sanyi gare shi, ba kamar ƙasar da ke wurin dā ba. Na duba na ga in Ayuba ya tafi ke nan, babu sauran wanda ya san ka da baƙin gashi sai ni. In na ce ka taɓa yin abu, ba mai cewa ƙarya kike, ba haka aka yi ba. Kowa sai ya ce haka ne, Mama. Mutum yana bukatar mai ƙaryata shi.

Na jira Kirsimeti. Istifanus bai zo ba, aiki ya riƙe shi, ya aiko da shinkafa da mai. Da matar Malam Ja'e ta kawo nono na ce ta turo mini mijinta da wuƙarsa. Ya tsufa shi ma, shanun sun ragu, kuma tun rigingimun da aka yi ba ya yawan ƙetaro rafi. Amma ya zo. Ya ga Ciyaman a ɗaure, ya ce, "Maman Ladi, wannan ai abokin zamanki ne."

Na ce, "Mai ƙafa biyu nake nema da shi."

Na faɗa masa abin da ya faru. Shi bai ce saboda nama ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ko a wurinmu ba a wasa da kawu." Yana wasa wuƙa ya ce, "Wa zai kai?" Na ce ni. Ya ce, "Mace?" Na ce, "Leƙa ɗakunan, in ka ga namiji ka fito da shi."

Ban tsaya kallo ba, na shiga madafa na hura wutar da ba na bukata. Da ya gama feɗewa na shimfiɗa ganyen ayaba, na nuna masa inda kake sa wuƙa. Ya ce ya sani, shekara nawa yana riƙe maka ƙafar. Na ba shi rabonsa, na ba Saratu nata, na naɗe cinyar na sa a daro, na hau acaɓa da gwiwar nan tawa.

Na sami Ayuba a gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa. Na sauke daro a gabansa, na durƙusa iyakar inda gwiwa ta yarda, na faɗi abin da kake faɗa, da yare: an yi yanka a gidan ɗanku, ga rabon gidan uwa.

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Can ya ce, "Mace ba ta kawo wannan."

Na ce, "Namiji ɗaya yana Abuja, ɗayan kuma kai ka nuna inda za a rufe shi. In kana da wani ka ba ni aro."

Ya ture gyaɗar gefe. Ya buɗe ganyen, ya ɗaga cinyar, ya juya ta yana duba ko ta dama ce, kamar zan cuce shi. Ya ce, "Saniya na ji an yanka."

Na ce, "Saniyar ta tafi a roba. Wannan daga bakin ƙofata ya fito."

Ya gane ko wane ne, don ya sha korar Ciyaman daga kofin kununsa. Ya sake juya cinyar. Sai ya ce, "Wannan cinyar akuya ce ko ta ɓera? Amarya, ko kiwo ba ki iya ba."

Na ce, "Ɗaga ni, tsohon banza, gwiwata ta ƙage."

Da ƙyar ya ɗaga ni, saura kaɗan mu zube tare a kan gyaɗar.

Ranar kasuwar da ta biyo ya zo. Rana ta yi nisa, har na fara cewa kunu zai sake tsami, kuma yanzu ba mai shanye mini. Sai na ji ƙararrawa daga mangwaro. Amma a ƙasa yake, tura keken yake yi, ya ce hawan nan na wajen coci ya fi ƙarfinsa yanzu. Ya dawo mini da darona da acca a ciki, don ba a mayar da shi haka nan. Ya zauna a kujerarka, ya ce kunu ya yi ruwa. Ya hango ɗaya daga bokitan nan masu hotonka, na zuba wa kaji ruwa a ciki sun kewaye shi, ya ce, "Ɓarawon kaji, ga ka ga su." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da zai tafi ya tsaya riƙe da keke, ya ce, "Bayana wa zai karɓa? Nawa 'ya'yan suna Legas. In an kai musu a firij za su sa, su ce an gode." Na ce, "Bayana wa zai kawo?" Ya tura kekensa, na tsaya har ya sha kwana.

Ranar Lahadi bayan sujada na tare fasto, na ce ya faɗa mini gaskiyar ma'anar kalmar nan, tunda shi ya yi makaranta. Ya ce duk abin da yara suka faɗa haka ne, amma Turawa suna faɗinta kuma ga mutumin da ya riƙe mutuncinsa, ya cika maganarsa, ya ba kowa abin da yake nasa ko ba mai kallo. Na ce ashe kalmar ba ta da laifi. Rabinta 'ya'yanka suka ɗauko, wanda ake ratayawa a ƙofar gida. Rabin da ake ɗaurawa a bayan keke suka baro a can. Kai ba ka taɓa faɗin kalmar ba ko sau ɗaya, ban ma san ko ka san ta ba.

Ban ce ba sa ƙaunarka ba. Istifanus ya yi hawaye da aka yaye ƙyallen kabarin, na gani. Zai karanta wannan a waya, ransa zai ɓaci, ya kira ni. Bari ya kira ɗin. Dama ya daɗe bai kira ba.

Tunda suna karantawa, bari in faɗa maka su ji. In tawa ta zo, kada a buga fuskata a zane, ba na son a zauna a kaina. Akuya ɗaya ta isa, a yanka ta a tsakar gidan nan, a kan ganyen ayaba. Matsalar ita ce gidan kawunnaina ba kowa, sun ƙare. Na tambayi Ayuba, ya ce ba rabonsa ba ne, amma in an rasa mai karɓa a kawo masa, in ya kai lokacin. Duk shekarun nan ina ce masa ya riga ni. Yanzu na janye. Na ce ya yi ƙoƙari ya kai.

Ubangiji ya ci gaba da ba ka hutu, ka gaji a duniya. Ya ƙara wa Ayuba ƙarfin tura keke. Ya tsare yara a hanyoyinsu, ya buɗe musu kunne in sun sauke waya. Ni kuma ya ba ni haƙurin shirun bakin ƙofa, don igiyar Ciyaman tana nan a turke, ban kwance ba tukuna. Ka ajiye mini wuri kusa da kai. Ba a babban tebur ba. Inda ƙafata za ta taɓa ƙasa. Amin.

Ni ce matarka, wadda har yau kununta ke yin ruwa,
Maman Ladi